Waziristan: Inda Mai Harbi Shi Ne Mai Ƙirga Gawa

A wannan wata za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa wata ƙasa mai duwatsu da ke arewa maso yammacin Pakistan, a kan iyakarta da Afganistan, wadda ake kira Waziristan. Yawancinmu a bakin rediyo muka san sunan nan. Tsakanin shekarar 2008 da 2013, da wuya wata ya ƙare ba mu ji mai karanta labarai ya ce wani jirgin Amurka marar matuƙi ya harba makami mai linzami a can, ya kashe mutum biyar ko goma waɗanda ake zargin 'yan ta'adda ne, daga nan sai ya wuce zuwa wani labari. Amurka ta daina kai irin waɗannan hare-hare a Pakistan tun 2018, amma tambayar da suka bari tana nan ba a amsa ta ba. Wa ya je ya ga gawarwakin nan? Wa ya ƙirga su, wa kuma ya tabbatar da ko su wane ne? Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin a ganinmu ta shafe mu fiye da yadda ake zato.

Bari mu fara da ƙasar da mutanenta. Mazauna Waziristan 'yan ƙabilar Pashtun ne, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma manyan zuriyoyinsu su ne Wazir da Mahsud da Dawar. A 1893 wani Baturen Ingila mai suna Mortimer Durand ya zauna da sarkin Afganistan, Abdur Rahman Khan, suka ja layin iyaka mai tsawon kilomita sama da 2,600. Layin nan ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Pashtun, ya bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Mu da muka san yadda iyaka ta raba Amchide da Banki, ko Fotokol da Gamboru waɗanda gada ɗaya ce tsakaninsu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mutumin kan iyaka yakan ci kasuwa a ƙasa ɗaya ya kwana a wata, ya auro mace a can ya aurar da 'yarsa a nan, kuma gwamnatocin biyu kowacce tana zarginsa da cewa zuciyarsa tana ɗaya gefen.

Turawan Ingila ba su iya mallake duwatsun nan yadda suka mallake filayen Indiya ba. Sai suka yi wa mutanen wata doka ta musamman a 1901, dokar laifuffukan kan iyaka. A ƙarƙashinta, in mutum ɗaya ya yi laifi ana iya kama danginsa, a rushe gidajensu, a ci garinsu tara. Wanda aka kama ba shi da lauya, ba shi kuma da hanyar ɗaukaka ƙara zuwa kotunan ƙasa. Wakilin gwamnati guda ɗaya, kamar Razdan ko Kwamanda na zamanin Turawa a ƙasashenmu, shi ne mai mulki shi ne alƙali. In ƙabila ta yi taurin kai sai a aiko mata da jirage. A 1925 sojan saman Ingila ya yi kusan wata biyu yana jefa bom a kan ƙauyukan Mahsud. Da Pakistan ta sami 'yanci a 1947 ba ta soke dokar nan ba, ta ci gaba da aiki da ita a yankunan ƙabilu guda bakwai, cikinsu har da Waziristan ta Arewa da ta Kudu, har zuwa watan Mayun 2018. Mutum kimanin miliyan 5 ke zaune a yankunan nan bisa ƙidayar 2017, kuma har zuwa 2018 tsarin mulkin ƙasa ya hana manyan kotuna sa baki a al'amuransu. Saboda haka ranar da jirgi marar matuƙi ya fara shawagi a can, ya tarar da mutanen da aka saba hukuntawa a dunƙule, waɗanda ba su da ƙofar da za su buga su kai kuka.

To, kada wani ya ɗauka muna so mu wanke 'yan bindiga. Akwai su a Waziristan, kuma ɓarnar da suka yi ba kaɗan ba ce. Tun a shekarun 1980 aka mai da yankin zangon mayaƙan da ke shiga Afganistan yaƙi da Tarayyar Sobiyet, da kuɗin Amurka da na Saudiyya da taimakon Pakistan. Bayan da Amurka ta mamaye Afganistan a 2001, mayaƙan Alƙa'ida da na Taliban da wasu daga Uzbekistan suka tsallako suka fake a nan. A watan Disamban 2007 aka kafa ƙungiyar Taliban ta Pakistan a ƙarƙashin Baitullah Mehsud. Sun kashe ɗaruruwan dattawan ƙabilu waɗanda suka ƙi yi musu biyayya, sun rusa makarantu, musamman na 'yan mata, sun tayar da bom a masallatai da kasuwanni. Ran 16 ga Disamba 2014 suka shiga wata makaranta a birnin Peshawar suka kashe mutum kusan 150, daga ciki 132 yara ne. Babu malamin makarantar da zai ji wannan labari ya yi barci. Mu ma da muka ga abin da Boko Haram ta yi a Kolofata da Fotokol mun san irin mutanen nan, ba mu kuwa da wani uzuri da za mu ba su.

Shi wannan jirgi, kamar yadda sunansa ya nuna, babu kowa a cikinsa. Iri biyu aka fi aiki da su, Predator da Reaper. Yana iya shafe sa'o'i masu yawa yana kewaya saman gari ɗaya, ɗauke da na'urar hoto mai gani dare da rana. Mai tuƙa shi yana zaune cikin ɗaki a Amurka, dubban kilomitoci daga wurin, yana kallon allo, umarninsa kuma yana isa ga jirgin ta tauraron ɗan adam. In an ba shi izini sai ya danna, makamin da ake kira Hellfire ya sauka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hukumar leƙen asiri ta CIA ce aka danƙa wa wannan aiki a Pakistan, don haka komai nasa sirri ne, an kuwa yi shekaru gwamnatin Amurka ba ta ma yarda a fili cewa akwai shi ba.

Hari na farko ya auku a watan Yunin 2004 kusa da garin Wana, ya kashe wani kwamandan 'yan bindiga mai suna Nek Muhammad. Sojan Pakistan suka fito suka ce su suka yi. Daga baya ne aka gane cewa jirgin CIA ne, kuma akwai yarjejeniyar ɓoye tsakanin ƙasashen biyu. Shi kansa Janar Pervez Musharraf ya amsa a 2013 cewa a zamanin mulkinsa ya amince da wasu hare-haren. Jiragen sun yi shekaru suna tashi daga filin Shamsi da ke cikin Pakistan ɗin kanta, har zuwa ƙarshen 2011, alhali kuwa gwamnati tana fitowa bainar jama'a tana Allah wadai da su. Wato dai wanda ya harba ya yi shiru, wanda ya ba da izini yana musu, 'yan jarida kuma soja sun tare musu hanya ta nan, 'yan bindiga sun tare ta can. Labarin da ke isowa duniya yawanci daga bakin wasu jami'an tsaro ne waɗanda ba a faɗin sunayensu. Ko da babbar kotun Peshawar ta yanke hukunci a watan Mayun 2013 cewa hare-haren haramun ne a doka, ba a fasa ba.

Wata ƙungiyar 'yan jarida masu bincike da ke Landan, Bureau of Investigative Journalism, ta bi diddigin abin tun daga farko har ƙarshe. Lissafinta ya nuna hare-hare 430 tsakanin 2004 da 2018, waɗanda suka kashe mutum tsakanin 2,500 da 4,000. Kimanin 50 aka kai a zamanin George Bush, sama da 370 a zamanin Barack Obama, shekarar 2010 kaɗai an kai fiye da 110. Masu goyon bayan jiragen suna da hujjarsu, ya kuma kamata a saurare ta. An kashe Baitullah Mehsud a Agustan 2009, an kashe magajinsa Hakimullah Mehsud a Nuwamban 2013, an kashe manyan Alƙa'ida irin su Atiyah Abdurrahman a 2011 da Abu Yahya al-Libi a 2012. Suna cewa jirgin da ya yi kwanaki yana kallon gida kafin ya harba ya fi igwa da jirgin yaƙin sojan Pakistan, waɗanda ke share ƙauye sukutum. Akwai ma mutanen yankin da suka faɗi haka da bakinsu. Ba mu musa cewa makamin yana faɗawa inda aka nuna masa ba. Abin da muke tambaya shi ne, wa ke zaune a inda aka nuna masa?

Mu malaman makaranta, abu na farko da aka koya mana a kwalejin horon malamai, tun kafin mu iya riƙe alli sosai, shi ne riƙe rajista. Kowace safiya sai mun kira suna ɗaya bayan ɗaya, yaro ya amsa. In bai amsa ba kwana uku a jere, sai mu aika gidansu a ji ko lafiya. Ranar da sufeto ya zo muka ce masa muna da yara 74, ba zai karɓi wannan lamba ba sai ya buɗe littafin ya ga suna 74, kowanne da sunan uba da shekarar haihuwa. Malamin da ya kawo lamba babu suna, to ko dai malalaci ne, ko kuma akwai abin da yake ɓoyewa. Wannan ƙa'ida ce da ake bi a kan alli da benci da kuɗin jarrabawa. A Waziristan kuwa, inda rayukan mutane ake magana, an yi shekara 14 ana kawo wa duniya lamba babu rajista, kuma ɓangaren da ya yi harbin shi ne ke da ta cewa a kan lambar.

Ga yadda ake yin lissafin. Tun daga 2008 aka ba CIA damar harbin mutanen da ba ta san sunayensu ba, muddin take-takensu, yadda ake hangen su daga sama, sun yi kama da na 'yan bindiga: maza da yawa a gida ɗaya, bindiga a kafaɗa, mota ta nufi iyaka. A watan Mayun 2012 jaridar New York Times ta fallasa cewa duk namijin da ya isa ɗaukar makami, in ya mutu a wurin da aka kai hari, mayaƙi ake rubuta shi, sai fa in wata hujja ta fito bayan mutuwarsa ta wanke shi. Da irin wannan ma'auni ne mai ba shugaban Amurka shawara kan ta'addanci, John Brennan, ya iya cewa a watan Yunin 2011 an yi kusan shekara guda ba a kashe farar hula ko ɗaya ba. To, mu dubi namu ajin. A makarantunmu na ƙauye yara da yawa suna shiga a makare, har mukan sami 'yan shekara 15 da 16 a ajin ƙarshe na firamare, wasu gemu ya fara tsirowa. A bisa wancan ma'auni duk mayaƙa ne. Ga shi kuma riƙe bindiga a Waziristan tsohuwar al'ada ce, kamar yadda makiyayi a nan ba ya rabuwa da sandarsa.

Wata uku kafin Brennan ya yi waccan magana, ran 17 ga Maris 2011, dattawa da 'yan kasuwa sun taru a fili da rana tsaka a garin Datta Khel, domin sasanta rikici a kan wani wurin haƙar ma'adinai. Irin wannan zama su suna kiransa jirga, wato kamar zaman sulhu a ƙofar fada. Makamai suka sauka a tsakiyarsu, mutum sama da 40 suka mutu. Jami'an Amurka suka dage cewa taron 'yan ta'adda ne. Binciken da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi a wurin ya nuna cewa huɗu ne 'yan Taliban, saura 38 mutanen gari ne da 'yan sandan ƙabila. Har shugaban sojan Pakistan na lokacin, Janar Ashfaq Kayani, sai da ya fito ya yi tir da harin. Jama'a ku duba, dattawan da 'yan bindiga ke kashewa domin su ne ke riƙe da gari, su ne kuma jirgin da aka ce ya zo maganin 'yan bindiga ya kashe. Wa ya rage ya yi sulhu?

Ran 24 ga Oktoba 2012, ana gab da Babbar Salla, wata tsohuwa mai suna Mamana Bibi, 'yar shekara 68 a lissafin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Amnesty, tana tsinkar kuɓewa a gonarsu a ƙauyen Ghundi Kala, jikokinta suna kusa da ita. Makami ya faɗo mata ta mutu nan take, jikoki da dama suka ji rauni. Labaran farko da suka fita sun ce 'yan bindiga aka kashe. Ɗanta Rafiq ur Rehman malamin firamare ne kamarmu, mutum mai sanin darajar suna a rajista. Bayan shekara guda, a Oktoban 2013, ya ɗauki 'ya'yansa biyu waɗanda suka tsira da raunuka, ya je har majalisar dokokin Amurka ya ba da shaida. 'Yan majalisa biyar kacal suka zo sauraronsa. Gwamnatin Amurka ba ta amsa cewa ita ta kashe tsohuwar nan ba, balle a yi maganar diyya.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a 2015. A watan Janairun shekarar, wani hari ya kashe Turawa biyu waɗanda Alƙa'ida ke tsare da su, Warren Weinstein Ba'amurke da Giovanni Lo Porto ɗan Italiya. A watan Afrilu shugaba Obama da kansa ya fito ya kira sunayensu, ya nemi afuwa, aka kuma biya iyalan ɗan Italiyan diyya sama da euro miliyan ɗaya. Wannan daidai ne, haka ya kamata a yi. Sai dai harin ya nuna cewa an yi ta kallon gidan nan daga sama ba a san ko wa ke ciki ba. Ya kuma nuna cewa neman afuwa yana yiwuwa, in mamacin yana da gwamnatin da za ta tambayi jininsa. A watan Yulin 2016 gwamnatin Obama ta ce tsakanin 2009 da 2015 fararen hula 64 zuwa 116 ne suka mutu a irin waɗannan hare-hare a ƙasashen da ba fagen yaƙi ba, ba ta kuwa kawo suna ko ɗaya ba. 'Yan jaridar Landan su kuma sun ƙirga fararen hula tsakanin 424 da 969 a Pakistan kaɗai, daga ciki yara sama da 170. Sun ma buɗe aikin tattara sunayen mamatan a 2013. Zuwa ƙarshen 2014, cikin mamata kusan 2,400, suna kimanin 700 suka iya ganowa, waɗanda aka tabbatar 'yan Alƙa'ida ne kuwa ba su kai 100 ba.

Waɗanda ba su mutu ba su ma ba su tsira ba. Masu bincike daga jami'o'in Stanford da New York sun zanta da mutanen yankin suka fitar da rahoto a watan Satumban 2012. Mutanen suna kiran jirgin bangana, saboda ƙararsa mai kama da ta zanzaro, wadda suke ji dare da rana ba su san lokacin da zai harba ba. Iyaye sun hana yara zuwa makaranta. Mutane sun rage zuwa jana'iza, domin an taɓa harbin masu jana'iza, kamar yadda aka yi a Makeen a watan Yunin 2009 inda mutum sama da 60 suka mutu. In an kai hari maƙwabta suna tsoron kai ɗauki, saboda sau da yawa makami na biyu yakan biyo na farko. Su kuma 'yan bindiga, bayan kowane hari sai su bi gari suna neman wanda ya kai tsegumi, su kashe shi su yar da gawa a kan hanya da takarda a jikinta. A watan Yunin 2012 kwamandansu Hafiz Gul Bahadur ya hana allurar shan inna a Waziristan ta Arewa, wai sai an daina hare-haren. A 2014 yara 306 suka kamu da cutar a Pakistan, fiye da rabi daga yankunan ƙabilu. Gaba kura baya sayaki ke nan.

Ina aka kwana? A watan Yunin 2014 sojan Pakistan suka shiga Waziristan ta Arewa da ƙarfi, mutum kusan miliyan ɗaya suka bar gidajensu. A 2018 aka soke dokar 1901, aka haɗe yankunan ƙabilu da lardin Khyber Pakhtunkhwa, wato bayan shekara 117 mutumin Waziristan ya sami damar shiga kotu kamar kowa. A shekarar ne kuma matasan Pashtun, ƙarƙashin jagorancin Manzoor Pashteen, suka fara gangami ba da makami ba, suna neman a faɗa musu inda 'yan'uwansu da suka ɓace suke. Ita kuwa ƙungiyar Taliban ta Pakistan, an kashe mata shugabanni uku a jere da jirgi marar matuƙi, na ukun shi ne Mullah Fazlullah a 2018 a cikin Afganistan, duk da haka ba ta mutu ba. Bayan da Taliban suka karɓe Kabul a Agustan 2021 ta sake ƙarfi, hare-hare suka dawo. A watan Janairun 2023 bom ya tashi a masallacin 'yan sanda a Peshawar ya kashe mutum sama da 80. Jirgi ya iya kashe shugaba, amma abin da ke sa saurayi ya ɗauki bindiga yana nan a ƙasa, inda babu kotu, babu makaranta, babu dattijon da ya rage a ji maganarsa.

Me ya haɗa mu da wannan duka? Jiragen nan sun riga sun iso sararin samaniyarmu. A watan Oktoban 2015 Amurka ta aiko sojoji kimanin 300 nan Kamaru, aka girke su a Garwa da jiragen leƙen asiri marasa matuƙa, waɗanda ba sa ɗauke da makami, domin sa ido kan Boko Haram. Ta gina babban sansaninsu a Agadas ta ƙasar Nijar, wanda ya fara aiki a 2019, ta bar shi a Agustan 2024. Gwamnatocin Nijeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso su ma sun sayi nasu daga Turkiyya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a 2023 jiragen sojan Burkina Faso sun kashe fararen hula aƙalla 60 a kasuwanni biyu da wurin jana'iza ɗaya, hukuma kuwa ta ce 'yan ta'adda ta harba. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin sojan Nijeriya ya harbi masu Mauludi a Tudun Biri cikin jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka mutu, Hausawa 'yan'uwanmu, da yawansu mata da yara. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi wa nasa.

Amma akwai wani abu a labarin Tudun Biri da ya kamata mu lura da shi. Washegari aka amsa cewa soja ne suka yi, daga baya shugaban rundunar na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi afuwa. Dalili kuwa shi ne garin ba shi da nisa da Kaduna, 'yan jarida sun isa, masu rauni suna asibiti ana ganinsu, mutanen gari kuma sun tsaya sun lissafa mamatansu ɗaya bayan ɗaya da suna. Haka aka yi a Kabul ran 29 ga Agusta 2021. Amurka ta ce ta harbi motar mai shirin ƙunar baƙin wake. Da 'yan jarida suka je gidan suka tarar ma'aikacin agaji ne ya ɗebo ruwa a jarkoki, mutum 10 suka mutu, bakwai yara. Kafin mako uku ya cika sojan Amurka suka amsa kuskurensu. Inda ido ya isa aka rubuta suna, an amsa laifi. A Waziristan, inda aka tare hanya, ɗaruruwan mutane sun shiga kabari da sunan da wanda ya kashe su ya raɗa musu.

Mu Hausawan ƙasar nan 'yan tsiraru ne, mun kuwa san yadda ake raɗa wa mutum sunan da ba nasa ba. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako a 2014, wane ne cikinmu mai tafiya Yawunde ko Duwala da babbar riga da hula bai ga yadda ake daɗewa ana jujjuya katin shaidarsa a shinge ba? Ga wanda bai san mu ba, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bakotoko duk abu ɗaya ne. In mutum mai ido biyu, yana tsaye a gabanmu, bai iya bambanta mu ba, ina ga wanda ke hangen rawani daga cikin gajimare? Kuma ga wani rauni da ke cikin gidanmu. Kowace shekara, in lokacin jarrabawar kammala firamare ya zo, mukan tarar da yara a ajinmu waɗanda ba su da takardar haihuwa. Yaro yana nan da ransa, yana cin lissafi yana cin Faransanci, amma a littafin hukuma babu shi. In wani abu ya same shi, Allah ya kiyaye, da wace takarda ubansa zai tsaya gaban alƙali ya ce wannan ɗana ne, shekarunsa 14, ɗan makaranta ne?

Saboda haka kiranmu ga jama'a ba mai wuya ba ne. Duk wanda aka yi wa haihuwa ya je ofishin magajin gari ya karɓi takarda tun kafin lokaci ya wuce, domin in ya wuce sai an bi ta kotu da wahala da kashe kuɗi. Waɗanda 'ya'yansu suka girma babu ita su zo makaranta, za mu nuna musu hanyar da ake bi. Sarakunan Hausawa da masu unguwanni da limamai, Allah ya ja zamaninku, a sami littafi a kowace unguwa da kowane ƙauye, a riƙa rubuta haihuwa da mutuwa da baƙon da ya sauka. In masifa ta auku a wani gari namu, ko daga 'yan bindiga ko daga hukuma, a rubuta sunan kowane mamaci da shekarunsa da sana'arsa tun kafin a watse daga maƙabarta, a ajiye kwafi a hannu fiye da ɗaya. 'Ya'yanmu masu aikin jarida da lauyanci su kuma, in an kawo musu lamba, su nemi rajistar. Wannan ba adawa da soja ba ce, domin sojan da ya san za a tambaye shi suna zai ƙara dubawa kafin ya danna, kuma garin da aka yi wa adalci shi ne ke kai rahoton ɓarayin daji.

Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a Waziristan da Peshawar da Tudun Biri da Fotokol, waɗanda aka san sunayensu da waɗanda Shi kaɗai ya sani. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.